Mutum 420 Da Kaset Guda: Yadda Wani Biki Ya Zama Na Masu Shi

Saura wata huɗu bikinta, ɗiyar yayana ta zo gidana da waya a hannu, ta buɗe mini kundin hotunan da ta daɗe tana tarawa daga Instagram da Pinterest. Furanni ne, fitilu, labulaye, da sunayen ango da amarya rubuce a bango da harufa masu walƙiya. Hotuna 263, daga baya na ƙirga. Ta ce, "Gwaggo, ni fa so nake bikina ya zama nawa. Ba na son irin wanda za a je a dawo, bayan mako guda a kasa bambanta shi da na makon jiya."

Na ce ta zaɓo biyar da suka fi kwanta mata a rai. Ta zaɓo. Na ce ta sa yatsa ta rufe sunayen da ke bangon, ta faɗa mini wace irin mace ce kowace amarya: mai surutu ce ko mai kunya, iyayenta na raye ko sun rasu, ina suka haɗu da mijin. Ta kalli hotunan, ta kalle ni, ta kife wayar a cinyarta.

Daga wannan zaman aikin ya faro. Zan baje shi a nan yadda ya gudana, har da wuraren da na kwafsa, kuma ba zan ambaci sunan kowa ba.

Amarya shekararta 27, ma'aikaciyar jinya ce. Ango 31, sana'arsa haɗa wayoyin lantarki a sababbin gidaje. Mahaifin amarya, wato yayana, ya rasu shekara tara kafin bikin. Mahaifiyarta na nan. Kakarta ma na nan, wato mahaifiyata, ta haura tamanin, kunnenta na hagu ya daina ji sam, na dama kuma sai an matso kusa. A ɓangaren ango iyaye biyu suna raye, dangi kuma Allah ya yi su da yawa. An tsara ɗaurin aure da safe, liyafa ta awa huɗu da yamma a zauren taro. Ni malamar makaranta ce, ban taɓa shirya biki don a biya ni ba. An ɗora mini ragamar ne don kullum da littafi da biro nake yawo, kuma ba na jin nauyin cewa a'a.

Rigimar farko a kan jerin waɗanda za a gayyata ta tashi. Da aka haɗa takardu uku, mutum 420 suka fito: 90 na ango da amarya, 110 na mahaifiyar amarya, 220 na gidan ango. Amarya ta ce a zaftare su koma ɗari, tunda fiye da rabinsu ko a hanya ta gamu da su ba za ta gane su ba. Da farko ina bayanta, har da hujjata ta 'yan boko. Masanin nan ɗan Birtaniya, Robin Dunbar, tun 1992 ya kawo ra'ayin cewa mutanen da ɗan Adam ke iya riƙe hulɗa mai ɗorewa da su ba su wuce kimanin 150 ba, daga baya kuma ya nuna su ma hawa-hawa ne: wajen 5 na ƙut-da-ƙut, 15 na kusa, 50 abokai, sauran sanayya. Na ɗauka in ana son biki ya yi ma'ana, to a tsaya cikin wannan da'irar.

Da wannan na nufi mahaifiyar ango. Ta bar ni na kai aya, sannan ta ɗauko takardarta, ta ɗora yatsa a kan sunan da idonta ya fara faɗawa. "Malama, wannan da kike gani, ita ta kwana da ni a asibiti dare goma sha ɗaya lokacin da yaron nan ya karye yana ɗan shekara shida. Wannan kuma mijinta ne ya ara mana ɗaki da gobara ta tashe mu. Shi bai san su ba, ni na san su. In na aurar da shi ban kira su ba, da wane ido zan kalle su?" Haka ta bi sunaye wajen ashirin, kowanne da labarinsa. Na naɗe hujjata na mayar jaka.

A hanyar komawa gida na ga inda lissafina ya karkace. Ɗari da hamsin ɗin Dunbar na mutum ɗaya ne, biki kuwa mutum biyar ko shida ne ke da shi, kowa da nasa ɗari da hamsin ɗin. Akwai ma binciken da ya fi goyon bayanta a kaina. A 2014 masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Emory a Amurka, Andrew Francis da Hugo Mialon, sun tambayi mutum sama da 3,000 da suka taɓa yin aure a ƙasar. Sun ga cewa kashe kuɗi masu yawa a biki ba ya tafiya tare da daɗewar aure, hasali ma waɗanda suka fi kashewa sun fi fuskantar rabuwa, alhali yawan mahalarta ya tafi tare da daɗewar auren. Alaƙa kawai suka gani, ba su ce wannan ne ke haifar da wancan ba, kuma kujeru ba sa riƙe aure. Amma ya ishe ni in daina yi wa taron jama'a kallon abokin gaba.

Ba a soke sunan kowa ba. Maimakon haka na ce da amarya ta ɗauko biro. In kowane baƙo zai samu daƙiƙa 30 kacal na gaisuwa, mutum 420 za su ci minti 210, wato awa uku da rabi daga cikin awa huɗun liyafar, ba ta zauna ba, ba ta kai loma baki ba, ba a yi jawabi ko ɗaya ba. Ta daɗe tana kallon lissafin. "To Gwaggo, ke nan Kaka ma daƙiƙa talatin za ta samu?"

Na ce, "In ta ci sa'a."

Duk wanda ya saba zuwa manyan bukukuwa ya san yadda lokacin ango da amarya ke rabuwa. Masu ƙarfin hali ne ke cinye shi, waɗanda za su kutsa da waya a ɗage su ce a yi hoto, a sake, wannan bai fito ba. Tsofaffi, da masu kunya, da waɗanda suka fi kowa ƙaunar amaryar, su ne ke ja da baya su ce a bar ta ta ji da baƙi, ai mu na gida ne. Masu kara su ne ke tashi a tutar babu. Ashe damuwarmu ba yawan mutane ba ce, rabon lokaci ne, kuma in ba a raba shi tun kafin ranar ba, ranar da kanta za ta raba shi ga wanda ya fi tura kai.

Sai muka ware awa guda kafin liyafa, daga ƙarfe 3 zuwa 4, a wani ƙaramin ɗaki da ke gefen zauren. Na ba ango da amarya takarda kowa daban, na ce su rubuta mutanen da in an cire su daga rayuwarsu, da ba su zama abin da suke a yau ba. Da iyaye da su kansu, mutum 18 aka samu. Sharaɗin ɗakin ɗaya ne: kowa ya bar wayarsa a jaka, mai hoto kuma sai minti goma na ƙarshe zai shigo. Ƙawayen amarya biyu da ke cikin jerin sun yi ta ƙorafi. Na ba su labarin gwajin da Linda Henkel ta Jami'ar Fairfield ta yi, wanda aka buga a 2014: ta zagaya da ɗalibai gidan adana kayan tarihi, wasu abubuwan ta ce su ɗauki hotonsu, wasu su kalla kawai. Washegari abubuwan da suka ɗauka a hoto su ne suka fi mantawa, su da siffofinsu. Ɗaya daga cikin ƙawayen ta ce ita ba ɗalibar kowa ba ce. Duk da haka ta bar wayar.

Yanzu ga maganar kaset, wadda ta kusa wargaza komai.

Amarya ce ta tsince shi a akwatin takardun mahaifinta, a ɗakin Ummanta, ta ɗauko ba ta faɗa wa kowa ba sai ni. Irin mai minti 60 ɗin nan ne, 30 kowane gefe, an rubuta sunanta a jiki da rubutun yayana, wanda ko a mafarki na gani zan gane. Zaren ya fito ya cukurkuɗe a wuri guda, ɗan soson da ke tallafe zaren a bakin kaset ɗin kuma ya ɓalle. Na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo. Ya kwance ƙusoshin, ya ɗauke zaren da kan yatsu kamar mai ɗaukar ƙwai, ya mayar da shi cikin gidan wani kaset mai lafiya, ya zura biro a ramin yana juyawa a hankali har ya naɗe tsaf. Ya kunna.

Sai ga muryar yayana yana koya wa yarinya 'yar shekara huɗu ƙirga. Yana faɗa tana bin sa. Duk sanda aka zo shida sai ta tsallake zuwa takwas. Ya ce, "Ina kika kai bakwai?" Ta ce, "Ta tafi unguwa." Ya fashe da dariya, irin dariyarsa mai ƙarewa da tari. Ina zaune a bencin mai gyara, ban san sanda hawaye ya zubo mini ba. Dattijon ya juya baya yana neman wani abu da bai ɓata ba.

Bayan wajen minti uku wata muryar ta shigo daga nesa. Matarsa ce, tana kiran sa da wani suna da ban taɓa jin kowa ya kira shi da shi ba, shi kuma ya amsa mata da maganar da ba zan rubuta a nan ba. Na sa aka kwafe mini duka a wayata.

Ni da amarya muka tsara abinmu: in ango da amarya za su shigo zauren, a kashe kiɗa, a haska hoton marigayi a majigi, a saki muryar ta lasifika. Mun ma so ya zama ba-zata. Allah ya taimake mu muka fasa ɓoyewa, muka je wa mahaifiyarta da maganar saura mako shida. Ta yi shiru har sai da na ji na tsargu. Sannan ta ce, "Wa ya ba ku?"

Ba wanda ya amsa.

Ta dubi 'yarta. "Kafin ya zama mahaifinki mijina ne. Muryar nan shekara tara ban iya saurarenta ni kaɗai a ɗaki ba. Shi ne za ku sa in ji ta a gaban mutum ɗari huɗu, suna ci suna sha, kyamara a kan fuskata?"

"Umma, so nake ya kasance a wurin."

"Na sani." Ta miƙa hannu. "Ba ni kaset ɗina."

Da ta karɓa ta juyo gare ni, ta tambaye ni ko na saurara har ƙarshe. Na ce na saurara. Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri." Ta gyaɗa kai kawai, ta tashi ta shige ɗaki.

Na daɗe ina juya wannan a raina, don kuskuren ya fi na rashin neman izini zurfi. Abubuwan da ake cewa suna sa biki ya taɓa zuciya, irin su tsohon hoto, wasiƙa, muryar mamaci, labarin wahalar da aka sha, da wuya a samu wanda mai shi mutum ɗaya ne. Amarya na da haƙƙi a kaset ɗin, sunanta ne ma a jiki. Amma wanda zai biya kuɗin kunna shi da hawaye a bainar jama'a wata ce daban, kuma ita muka bari a ƙarshen layin shawara. Sannan in zan faɗi gaskiya, da nake tsara abin, zauren nake hangowa, ina ƙiyasta yadda mutane za su yi tsit, mata su shiga goge ido. Wato ciwon da na kama ɗiyata da shi a hotuna 263 shi ne ya kama ni, sai dai nawa ya sanyo rigar makoki. Na so in mayar da muryar ɗan'uwana abin kallo.

Mako biyu ba wanda ya sake tayar da zancen. Ran nan ta kira ni da kanta, ta jero sharuɗɗanta. A ƙaramin ɗakin kawai za a kunna. Ita za ta zo da rikodarta, ita za ta danna, ita za ta tsayar a inda ta ga dama. Mai hoto ba zai shigo ba sai an gama. Na ce na ji, na kuma rubuta.

Kuskurena na biyu sai da ya rage mako uku na gano shi. Na buɗe littafina na ga shafi bayan shafi duk amarya ce: mahaifinta, kakarta, ƙawayenta, launin da take so. Ango kuwa duk abin da na tambaye shi amsarsa ɗaya ce, "Duk yadda kuka tsara, Gwaggo." Ni kuma na ɗauki wannan a matsayin yarda, alhali ladabi ne. Ko takardar ƙaramin ɗakin, iyaye da 'yan'uwa da aboki ɗaya ya rubuta, irin jerin da kowa zai rubuta in an tsare shi.

Bakinsa ya buɗe ne ranar da ya zo gyara mini soket a falo. Yana durƙushe, ina tsaye, na tambaye shi wa ya koya masa aikin nan. Minti ashirin yana magana bai ɗago ba. Ogansa ya ɗauke shi yana ɗan shekara 15, ya riƙe shi shekara shida. Ya taɓa sa shi ya kwance wayoyin ɗaki guda sau uku, don kawai ya bar haɗi ɗaya sako-sako a cikin bango inda ba mai gani. Na ce to yana wane tebur a liyafar? Sai ya yi shiru. Ashe mutumin ba ya ma cikin mutum 420 ɗin. Shi ya zaci mahaifinsa ya rubuta, mahaifin ya zaci shi ya rubuta, da ya gano kuma sai ya ce wa kansa ai Oga ba ya son irin wuraren nan. Washegari da ƙafarsa ya kai masa katin gayyata. Jerin ya koma 421, na ƙaramin ɗaki 19. Daga nan na koyi cewa mutum irin ango ba a zaunar da shi a tambaye shi me yake ji, sai dai a same shi hannunsa na kan aiki.

Batun kiɗa bai ja dogon lokaci ba. Hirar yau da kullum tana kusan desibel 60 a ma'aunin ƙarfin sauti, ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 don wuraren nishaɗi kuma ta sa 100 a matsayin iyakar matsakaicin ƙara. Tsakanin waɗannan biyun ne ake sanin ko mutane za su yi hira ko za su zauna suna murmushi da nuni da hannu. Na ce wa mai saka kiɗa daga farko har a gama cin abinci ya bar shi yadda mutum biyu a tebur za su ji juna ba tare da ɗaga murya ba. Ya ce, "Hajiya, biki fa ba makoki ba ne." Ya yi gaskiya, don haka na bar masa awa guda cur ya yi yadda yake so. Teburin Kaka muka kai can nesa da lasifika, muka juya kujerarta yadda kunnen dama zai fuskanci inda amarya za ta zauna.

Abu na ƙarshe da muka tsara shi ne ƙarshen kansa. Yawancin liyafa ba sa ƙarewa, tsiyayewa suke yi. Mutane na sulalewa ɗaya bayan ɗaya, ma'aikatan zaure na tattara kujeru, amarya na can a gajiye tana hoto da waɗanda suka makara. Daniel Kahneman, wanda ya samu kyautar Nobel a 2002, ya yi wani gwaji da abokan aikinsa a 1993. Sun sa mutane su tsoma hannu a ruwa mai sanyin digiri 14 na daƙiƙa 60. A wani zagayen kuma suka yi daƙiƙa 60 ɗin, aka ƙara musu 30 ana ɗan ɗumama ruwan zuwa digiri 15. Da aka ce su zaɓi wanda za su maimaita, mafi yawansu mai tsawon suka zaɓa, duk da ya fi wahala, saboda ƙarshensa ya fi sauƙi. Abin da aka fahimta shi ne ƙwaƙwalwa ba ta auna tsawon abu sosai, ƙololuwarsa da ƙarshensa take riƙewa. Saboda haka muka yanke cewa saura minti ashirin a tashi za a kashe kiɗa, ango da amarya su karɓi makirufo da kansu, kowa minti biyu, su gode wa mutane da sunayensu, sannan su fita zauren na cike. Na tura ango wurin mahaifiyarsa da biro, na ce ta ba shi labarin sunayen nan da ta ba ni.

Ranar ta zo da nata tsarin. Mai kwalliya ta makara, ba a shiga ƙaramin ɗaki ba sai 3:35. Nan take aka fara ce mini a bar shi kawai, baƙi na jira. Na ƙi. Na soke jawabai biyu daga na zaure, na soke canjin kaya na biyu da amarya ta shirya, na ba ɗakin minti 45, liyafa ta fara a makare da minti 20. Masu jawaban da na soke, ɗaya ya ji daɗi ma, ɗayan har yau gaisuwarmu sama-sama ce.

A ɗakin ba a yi wani tsari ba, kowa ya faɗi abin da ke bakinsa. Oga ya zo cikin kayan da a gani ka san sun daɗe a ninke. Da aka zo kansa ya laluba aljihu ya fito da wata tsohuwar testa mai tsagaggen kai, ya ce da ita yaron ya fara aiki. Ya miƙa wa amarya, ba ango ba. Ya ce, "'Yata, yaron nan bai taɓa ɓoye mini wayar da ya haɗa ba daidai ba. Abin da na sani ke nan." Ya zauna. Ango ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba.

Sannan mahaifiyar amarya ta ɗora rikoda a cinya ta danna. Ɗaya, biyu, uku. Bakwai ta tafi unguwa. Dariya, tari, ta tsayar daidai nan, ko daƙiƙa ba ta ƙara ba. Wasu na dariya wasu na kuka, wasu duka biyun. Kaka kuwa tana ta waige-waige. "Me ake ji ne? Me ya faru?" Duk lissafin kujerar da na yi a zaure ne na yi shi, na manta da ita a nan. Surukarta ta tashi, ta mayar da zaren baya, ta durƙusa ta kara mata rikodar a kunnen dama. Muka zuba ido. Da aka zo wurin tarin, tsohuwar ta rufe ido ta ce, "Tun yana yaro nake ce masa ya rage dariyar nan." Ta ce a sake mata. Aka sake. Minti goman mai hoto ya koma uku, shi ya sa hotunan ɗakin ba su fi shida ba, biyu ma ba su fito da kyau ba.

A zaure, sunayen nan masu walƙiya suna bango, don amarya ta ce wannan kam ba za ta bari ba, kuma bikinta ne. Harafi ɗaya a sunan ango ya mutu tun kafin a shigo. Ta gani, ranta ya ɓaci, ta yi ta raɗa mini cewa kowa na kallo. Na tuna gwajin Thomas Gilovich da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell, na 2000, inda aka sa ɗalibai riga mai hoton da ke ba su kunya suka shiga cikin mutane. Sun zaci kusan rabin mutanen sun lura, ashe wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. Ban tsaya yi mata lacca ba, na ce ta kalli Kaka ta rabu da bango. Daga baya cikin mutum goma sha ɗaya da na tambaya, biyu ne suka ga harafin. Ɗayansu Oga ne, wanda sai da aka riƙe shi don kada ya nemi tsani.

Inda abin ya ɓaci da gaske shi ne wurin kawun ango. Ya iso da wuri, ya ga mutane na fitowa daga ƙaramin ɗaki ido jajur, ya tambaya aka faɗa masa. Ya ce ashe biki biyu aka yi, na 'ya'yan mowa da na 'ya'yan bora. Bai jira ƙarshe ba ya tafi. Wannan laifina ne. Na ɓoye zancen ɗakin don gudun ƙorafi, ɓoyewar kuma ita ta sa ya yi kama da tantance wanda ya isa da wanda bai isa ba. Da zan sake, da na sa iyayen ango sun je wa manyan dangi da maganar tun da wuri, ko kuma a yi zaman a daren jajibiri, a wurin da ba wanda zai tsaya a bakin ƙofa yana ƙirga masu fitowa. Mahaifin ango ya je wurinsa sau biyu ban haƙuri. Kawun ya ce ya wuce, amma ba a ga ƙafarsa a gidan ma'auratan ba tukuna.

Godiyar ƙarshe kuwa ta yi abin da ban zata ba. Ango, mutumin da ba ya haɗa jimla uku a gaban jama'a, ya fito da 'yar takarda ya kira sunan matar nan ta dare goma sha ɗaya. Ya ce shi bai san ta ba sai makon jiya, amma an gaya masa ita ke riƙe ƙafarsa in za a yi masa allura. Matar tana can teburin baya, kusa da ƙofa. Ta miƙe ta rufe fuska da hannu biyu, zauren ya juya gaba ɗaya yana kallon ta. Mahaifiyar ango ta neme ni da ido daga inda take, ta ɗaga mini gira. Na karɓi saƙon.

Bayan wata shida ne na bi mutum goma sha ɗayan nan da tambayar me suka fi tunawa. Ba bincike ba ne, hira ce a waya da bakin ƙofa. Bakwai da ke zaure kawai, biyar daga cikinsu matar teburin baya suka ambata. Ba wanda ya kawo zancen furanni. Ita amarya kuwa, na zaci kaset za ta ce, sai ta ce ita ba ta ma ji muryar sosai ba, idonta na kan babban yatsan Ummanta da ke rawa a kan maɓallin tsayarwa tun kafin a kai shida.

Saura abu guda da ban warware ba, kwafin da ke wayata. Ranar da mahaifiyar amarya ta kawo mini ziyara, ma'auratan ma suna nan, na daure na faɗa mata yana nan har yanzu, dukansa. Ta ce a yanke wurin ƙirgar a ba 'yarta. Ni ban iya yankan murya a waya ba, ango ya ce ya iya. Ta ce to amma ba zai saurara ba. Ta karɓi wayar, ta rage sauti, ta kara a kunnenta, ta ɗaga hannu ɗaya tana jira. Muna zaune ba mai motsi. Da tarin ya wuce ta tsayar, ta miƙa masa ta ce, "Nan." Ya yanke. Ya tambaye ta ko ya goge sauran.

Ta ce, "Tura mini tukuna, sannan ka goge na Gwaggonku."